Rikicin mutanen ƙauye da 'yan keke a karkarar Ingila: ta ina ake kamo bakin zaren?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a wani ƙauye a kudancin Ingila, aikina kula da tsofaffi a gidajensu, saboda haka kusan kullum ina kan ƙananan hanyoyin karkara da mota. Ranakun Asabar da Lahadi masu kekunan gudu kan fito ayari-ayari su cika hanya, sai in makara wurin waɗanda nake dubawa. Mutanen ƙauyen sun fusata, har majalisar ƙauye ta kafa ɗan kwamiti aka sa ni ciki. Wasu na cewa a hana su bin hanyar kwata-kwata. Me doka ta ce, kuma me za mu yi wanda zai yi aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar hanawa dai ku ajiye ta tun zaman farko, don ba za ta haifar da komai ba sai ɓata wata shida. Hanyar karkara a Ingila hanyar gwamnati ce, mai keke yana da ikon binta kamar yadda mai mota da mai doki da mai tafiya a ƙasa suke da shi. Manyan titunan gudu da wasu 'yan tsirarun hanyoyi ne kawai aka haramta wa keke. Majalisar ƙauye kuwa ba ta da iko a kan titi, wannan aikin majalisar gunduma ne. Abin da ke hannunku abu uku ne: yawan kekunan da ke tafiya tare, lokacin da suke fitowa, da wuraren da ake cin karo da su. Duk ƙauyen da ya samu sauƙi a wannan rikici, ta waɗannan ukun ya bi.

Za ka ji wani a kwamitin ya ce ai ba sa biyan harajin hanya. Ka taimaka a rufe wannan ƙofa da wuri. Tun 1937 aka daina ware harajin mota domin aikin titi a Birtaniya. Abin da masu mota ke biya yau yana shiga baitulmali ne, tituna kuma daga harajin kowa da kowa ake gyara su, har da na mai keken. Galibin masu kekunan gudu ma suna da motoci a gida. Idan aka buɗe taro da wannan magana, ɗaya ɓangaren zai kwashe awa guda yana ƙaryata ta, a tashi ba a taɓo ainihin damuwarku ba.

Damuwar kuwa ta gaske ce. Mu da muka taso inda keke abin hawan zuwa gona da kasuwa ne, mukan yi mamakin ganin mutum ya ɗauko keke mai tsadar ƙaramar mota daga birni, ya zo ƙauye don motsa jiki kawai. A can wannan al'ada ta daɗe, amma ta bunƙasa sosai bayan gasar Olamfik ta Landan a 2012, lokacin da tseren maza ya zagaya tudun Box Hill da ke Surrey sau tara, sannan aka buɗe babbar gasar tseren keke ta Tour de France ta 2014 a Yorkshire. Hanyoyin da da manomi da tankar madara da motar makaranta ne kawai ke bi, sai ga su sun zama wurin da kowa ke son ya gwada ƙafarsa. Manhajar Strava ta ƙara wa abin armashi, domin tana auna lokacin kowa a kan kowane tudu ta jera sunaye. Mutumin ƙauye yana ganin hanyar aikinsa ta zama filin wasan baƙi, ba kuma wanda ya sallama masa.

Kuskuren da kwamitoci suka fi yi shi ne yi wa duk mai keke kuɗin goro. Iri uku ne, maganinsu kuma ba ɗaya ba. Akwai mai fitowa shi kaɗai ko su biyu: wannan ba ku da wanda za ku kira a kansa, kuma da wuya ya zama matsala. Akwai kulob mai fita duk safiyar Lahadi, mutum goma, ashirin, wani lokacin arba'in: wannan yana da sakatare da adireshi, ana iya zama da shi. Sai babban taro na kamfani, inda mutum dubu ko dubu biyu ke biyan kuɗi su bi hanya ɗaya a rana ɗaya. Mafi yawan fushin ƙauyawa daga na uku yake tasowa, sai a huce haushin kaza a kan dami, a matse wani dattijo da ya fito shan iska shi kaɗai.

Ga abin da kundin dokokin hanya, wanda suke kira Highway Code, ya tanada tun gyaran da ya fara aiki ranar 29 ga Janairu 2022. Wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna shi ya fi ɗaukar nauyin kiyaye waɗanda ke ƙasa da shi: direban mota a kan mai keke, mai keke a kan mai tafiya a ƙasa. Ƙa'ida ta 163 ta ce idan za ka wuce keke kana gudun da bai haura mil 30 a awa ba, ka bar aƙalla mita 1.5 tsakaninku, idan gudun ya fi haka ka ƙara tazara, idan kuma babu wurin, ka jira a baya. Ƙa'ida ta 72 ta ba mai keke damar tafiya a tsakiyar hannunsa a hanyar da ba cunkoso, ya matsa hagu idan mota ta taho kuma akwai halin wucewa lafiya. Ƙa'ida ta 66 ita ce ta fi shafarku: an yarda su jera bibbiyu, kundin ma ya ce wani lokacin hakan ya fi aminci, amma a wuri guda ya ce su lura da motocin da ke bayansu, su ba su hanya ta komawa layi ɗaya ko tsayawa idan sun ga ba haɗari. Kowane ɓangare rabin da ya yi masa daɗi yake karantawa. Ku buga ta cikakkiya ku raba a taro.

Batun jerawa bibbiyu ya cancanci a tsaya a yi masa lissafi, don a nan ne direbobi suka fi jin an raina su. Ɗauki kekuna goma sha biyu. Kowane keke da tazarar da ke gabansa yana cin kusan mita 3. A layi ɗaya tsawon ayarin mita 36 ne, a bibbiyu mita 18. Ka ƙara mita 10 na fita, mita 10 na komawa hannunka, da mita 5 na tsawon motarka. Ke nan sai ka ci mita 61 a kansu idan layi ɗaya ne, mita 43 idan bibbiyu ne. Idan suna mil 15 a awa kai kana 30, na farko zai ɗauke ka daƙiƙa tara kana cikin hannun wasu, na biyu daƙiƙa shida da 'yan kai. Motar da ke tahowa ta gaba a mil 50 tana cin mita 22 duk daƙiƙa. Saboda haka kana buƙatar hangen hanya fayau har kusan mita 320 kafin ka wuce layi ɗaya, amma mita 230 sun isa idan bibbiyu ne. A hanyar da ta cika da kwana da shinge, wannan bambancin na mita 90 shi ne tsakanin samun damar wucewa da rasa ta.

Sai dai masu keke ma sukan kai wannan hujja inda ba ta kai ba, domin faɗin titi ne ke yanke hukunci. Mai keke yana barin kamar rabin mita daga gefe, shi kansa yana cin santimita 60, tazarar doka mita 1.5, motarka da madubanta kusan mita 2. Jimla mita 4.6 ga layi ɗaya. Idan bibbiyu ne, ƙara mita ɗaya da ɗan kai, ya zama kusan 5.7. A titi mai faɗin mita 7.3, irin manyan hanyoyin da ke haɗa garuruwa, bibbiyun ya fi alheri ga kowa, tunda ko yaya sai ka shiga ɗaya hannun. A titin mita 5.5 kuwa, bibbiyu ya toshe damar wucewa bisa ƙa'ida, layi ɗaya ne ke buɗe ta. A hanya mai ɗaukar mota ɗaya tak, mita 3 zuwa 3.5, ko keke ɗaya ne ba ya wutuwa lafiya yana tafiya, dole wani ya ratse a wuraren kaucewa da aka tanada. Shi ya sa nake ba kwamiti shawara ya ɗauki tef ɗin awo ya auna hanyoyin da ake ƙorafi a kansu. Da awo a hannu, maganar za ta tashi daga "ku daina jerawa" ta koma "daga gada zuwa coci faɗin mita 5 ne, a nan ku koma layi ɗaya". Shugaban kulob zai iya karɓar ta biyu ya gaya wa mutanensa, ta farko kuwa ba zai karɓa ba.

Haka ma jinkirin, a auna shi. Mil ɗaya a bayan keke mai gudun mil 15 minti huɗu ne, inda da ka yi shi a minti biyu. Asarar minti biyu ke nan. Amma a hawan tudu, inda gudunsu kan sauka zuwa mil 6, mil ɗayan nan minti goma ne. Idan ka haɗu da ayari biyar tsakanin gida da gida, rabin awa ta tafi, kuma tsohuwar da ke jiran maganin safe ba ruwanta da ƙa'ida ta 66. Wannan ƙorafi ne mai tushe, ka faɗe shi da adadi. Abin da ba zan yarda a yi ba shi ne a ɗora jinkiri da rai a sikeli ɗaya. Fiye da rabin masu keken da ke mutuwa a titunan Birtaniya a hanyoyin karkara suke mutuwa, duk da cewa yawancin haɗurran a birni suke faruwa. Dalili gudu ne: yawancin waɗannan ƙananan hanyoyi iyakarsu mil 60 a awa, ga kwana, ga shinge mai tsawo da ke tare gani. Duk yarjejeniyar da za ku yi, ta fara da amincewa cewa mai mota minti yake asara, mai keke kuwa ƙashinsa ne a fili.

Abin da za ku nema wurin kulob bai da yawa, kuma kulob masu tsari da dama sun riga suna yi. Kada ayari ya wuce mutum takwas zuwa goma sha biyu, idan sun fi haka su rabu. Tsakanin ayari da ayari a bar tazarar minti biyu zuwa uku tun daga wurin tashi, domin ɓarnar da ta fi yawa ita ce a raba ayari gida biyu amma a bar mita 20 kacal tsakani. Direba ya wuce na baya, ya rasa inda zai shiga, ya matse su. Na ƙarshe a ayari ya riƙa sanar da cewa mota na baya, idan motoci suka kai uku ko aka yi kamar minti biyu ana binsu, jagora ya nemi bakin gona ko wurin kaucewa su tsaya. Kada mai keke ya yafito direba da hannu cewa ya wuce a kan kwana: abin da shi yake hange ba shi direban yake hange ba, kuma idan aka yi karo direban ne zai amsa. A saman tudu, inda suke jiran na baya, su sauka daga kan kwalta gaba ɗaya, kada su tare ƙofar gona ko mahaɗa. Cikin ƙauye da sassafe su rage ihun da suke yi wa juna na gargaɗin rami, saboda gidajen can a bakin titi suke, ƙarfe bakwai na safiyar Lahadi muryar mutum goma tana shiga har ɗakin kwana. Sai takardun abincin ƙarfi da suke tsotsa a kan hanya, da fitsari a jikin shingen mutane. Ƙananan abubuwa ne, amma wake ɗaya ke ɓata gari, kuma su ne ƙauyawa ke tunawa bayan an manta da komai.

Gangara mai ratsa gidaje kuwa tana da nata magani. Dokar iyakar gudu ta motoci ce, ba ta hau kan keke kai tsaye ba, amma hawan keke da ganganci ko sakaci laifi ne a ƙarƙashin dokar zirga-zirga ta 1988. Idan akwai gangarar da ake tsere a kanta saboda Strava, manhajar tana ba da damar a yi wa wannan yanki alamar haɗari, jerin sunayen masu gudun ya ɓace. Kulob ɗin da ke yankin shi ya fi dacewa ya yi hakan.

Dabbobi su ne inda jahilcin ɗan birni ke iya kashe mutum. Doki ba ya jin tahowar keke, sai dai ya ga abu ya wulga ta gefen idonsa, ya zabura. Ƙa'ida ga mota ita ce ƙasa da mil 10 a awa da tazarar mita 2, mai keke ma ya rage gudu sosai, ya yi magana tun daga nesa da muryar mutum, kada kuma ya bi ta hagun dokin. A Yunin 2018 an ɗauki hoton wasu 'yan gasa a Windsor suna kutsawa ta gefen wani doki har ɗaya ya buge shi, abin ya tayar da ƙura a ƙasar. A shekarar ne ƙungiyar Cycling UK da ƙungiyar masu dawaki ta British Horse Society suka haɗu suna wayar da kai a kan abu mai sauƙi: ka rage gudu, ka yi gaisuwa. Garken tumaki ko shanu da ake ƙetarawa da su, a tsaya cak har manomi ya ba da hannu. Tarakta kuma, tun Maris 2015 an yarda ta yi mil 25 a awa, ita da tirelarta su kai tan 31. Irin wannan nauyi ba ya tsayawa nan take, direban ba ya ganin abin da ke dab da bayan tirela, kuma sau da yawa sai ya buɗe dama kafin ya karya hagu ya shiga gona. Mai keken da ya laɓe a bayanta don ta tare masa iska, ko ya zura ta hagunta, ya sa kansa a inda ba a ganinsa.

Babban taro kuwa, a nan ne kwamitinku zai fi yin tasiri. Ka san wani giɓi da ke cikin doka: tseren keke na gaskiya yana ƙarƙashin ƙa'idojin 1960, sai an sanar da 'yan sanda kwana 28 kafin ranar, ana kuma iyakance yawan masu shiga. Amma taron da aka kira na nishaɗi, ko mutum dubu biyu ne, muddin ba a rufe hanya ba, ba ya buƙatar izinin kowa. Lissafa da kanka: mutum 2,000, ana sakin 20 duk minti biyu, sakin kaɗai ya haura awa uku. Kafin su iso ƙauyen da ke mil 40 daga wurin tashi, masu sauri sun tsere wa masu nawa, ayarin ya miƙe ya zama igiya ɗaya marar yankewa ta awa huɗu ko biyar. Babu giɓin da mota za ta wuce ta shiga. Wannan ne ke sa mutum ya ji an tsare shi a gidansa.

An ga inda hakan ke kaiwa. A Mayun 2009 an watsa ƙananan ƙusoshi a hanyar taron Etape Caledonia a yankin Perthshire na Scotland, inda ake rufe hanya na tsawon awoyi ranar Lahadi, ɗaruruwan tayoyi suka yi faci, aka dakatar da tafiyar na wani lokaci. An sake ganin irin haka a gandun New Forest da ke kudancin Ingila a 2013 da 2014, da kuma taron Velothon na Wales a 2015. Ka faɗa wa mutanenku ƙarara, wannan babban laifi ne: tayar gaba ta fashe a gangara ana mil 35, mutum ta ka yake faɗuwa, kuma ƙusar ba ta tantance kofaton doki ko tayar motar asibiti. Ga shi kuma tana mayar da mai gaskiya marar gaskiya a idon jama'a. Hanyoyin da suka yi aiki na zama ne. A New Forest, inda dawaki da shanu ke kiwo sake a kan titi kuma ake tattara dawakin daga ƙarshen bazara zuwa kaka, hukumar gandun ta amince da wata yarjejeniya a 2015 wadda ta nemi kada taro ya wuce mutum 1,000, kowa kuma ya ɗaura lamba. Ba ta da ƙarfin doka, manyan ƙungiyoyin masu keke ma sun ƙi yarda da iyakar, amma ta kafa al'adar duba kalandar juna kafin a sa rana. A Surrey kuwa, taron RideLondon da aka fara a 2013 ya riƙa rufe hanyoyi yini guda duk shekara, ƙorafi ya yi ta taruwa, majalisar gundumar ta janye, daga 2022 aka mayar da shi Essex. Darasin da masu shirya taro suka ɗauka shi ne majalisa na iya juya musu baya, kuma wannan ne ƙarfin da kuke da shi a teburin magana.

Ku tuntuɓi majalisar yankinku ku nemi kwamitin da ke duba tsaron taruka, wanda 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan motar asibiti ke zama a ciki, ku ce a riƙa sanar da ku duk taron da zai ratsa ƙauyen. Daga mai shirya taron ku nemi sanarwar wata uku da taswirar hanya, da takarda a kowane gida mako biyu kafin ranar mai ɗauke da awoyin da za a fi cika. Lambar waya ta ranar ta zama wadda mutum ke ɗauka. Kowane mahayi ya ɗaura lamba a baya, domin lambar da ke gaban keke direban da ke biye ba ya ganinta, ƙorafin da ba lamba kuwa ba wanda za a hukunta. A sa masu tsaron hanya a mahaɗu masu haɗari, a ajiye banɗakin tafi-da-gidanka a wuraren hutu, a cire allunan nuna hanya cikin kwana ɗaya ko biyu, mota ta bi baya ta kwashe shara. Kada taro biyu su bi hanya ɗaya a mako ɗaya, kada kuma a bi zagaye ɗaya duk shekara. Idan za a rufe hanya, a rubuta a takarda yadda ma'aikacin kula da tsofaffi irinka, da tankar madara, da likitan dabbobi za su shiga su fita, a ba ku takardar shaida tun kafin ranar. Wurin hutun kuma a sa shi a zauren ƙauye, mutanen gari su sayar da shayi da kek, kuɗin ya shiga asusun zauren. Taron da ƙauye ke cin moriyarsa ba a kallonsa da ido ɗaya da wanda ya zo ya wuce ya bar shara.

Kalandar noma ita ce abin da baƙo bai sani ba, kuma ku ne za ku ba shi. Haihuwar tumaki a Maris da Afrilu. Yankan ciyawar ajiya daga Mayu, lokacin da taraktoci ke kai da kawowa tun asuba har dare don tsere wa ruwan sama. Girbin hatsi daga Yuli zuwa Satumba, da injin girbi mai cika hanya baki da baki. Aske shinge daga Satumba, tunda an hana yi tsakanin 1 ga Maris da 31 ga Agusta saboda tsuntsaye masu sheƙa. Wanda ya san yadda ake sa wa makiyaya ranar shiga gonaki bayan an kwashe amfani, ya riga ya fahimci dabarar: wuri ɗaya ne, lokaci ake rabawa. Manomi ɗaya a kwamiti da zai aika wa sakatarorin kulob saƙo cewa makon nan ana yankan ciyawa a hanya kaza, ya isa ya kawar da rabin arangamar.

Ku ma akwai naku. Laka da tarakta ke fitowa da ita daga gona tana kayar da keke da babur a kwana, dokar tituna ta 1980 kuma ta ɗora wa wanda ya zubar nauyin sharewa, allon gargaɗi kaɗai bai wadatar ba. Ƙayar da ke zuba bayan aske shinge a share ta. Idan ka ga mai keke ya baro gefe ya dawo tsakiya, sau da yawa rami ko tsakuwa yake gudu, domin tayarsa faɗinta bai wuce santimita 3 ba, ramin da motarka za ta taka ba ka ji ba shi zai jefar da shi. Ramukan nan ma wuri ne da bakinku zai zo ɗaya: wasiƙar da majalisar ƙauye da kulob biyu suka sa wa hannu tare ta fi nauyi a ofishin gunduma. Ka kuma sani yawancin masu kekunan nan suna da kyamara gaba da baya, 'yan sanda kuma suna karɓar hoton ta intanet, a yankuna da yawa da sunan Operation Snap. Ana so a tura cikin 'yan kwanaki, saboda doka ta ba su kwana 14 su aika wa mai motar sanarwar tuhuma. Matsewa ɗaya na iya jawo maki a lasisi, ga wanda abincinsa ke kan tuƙi kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kyamarar motarka ma tana da amfani iri ɗaya idan ayari ya yi ganganci, ka tura wa kulob ɗin idan sunansa na jikin rigunansu.

Za a kawo shawarar rage iyakar gudu. Tana da kyau, amma doguwar hanya ce: sai majalisar gunduma ta auna zirga-zirga, ta yi shela, ta saurari masu adawa, ga kuɗi. Akwai kuma tsarin da suke kira Quiet Lanes, wato ayyana hanya a matsayin ta kowa da kowa, wanda aka fara gwadawa a Norfolk da Kent, aka yi masa ƙa'idoji a 2006. Ana son hanyar da motocinta ba su kai 1,000 a rana ba, kuma galibinsu suna ƙasa da mil 35. Ka lura allon kaɗai ba ya sauya iyakar gudu, tunatarwa ce kawai. A tsibirin Jersey ne aka haɗa irin wannan da iyakar mil 15. Ku nema, amma kada ku jingina komai a kansa.

Yadda za ku fara: Asabar da Lahadi huɗu a jere, mutum biyu su zauna a wurare biyu ko uku da aka fi ƙorafi, daga bakwai na safe zuwa ɗaya na rana. Su rubuta lokaci, yawan kekuna a kowane ayari, sunan kulob idan ya fito a riga, da motoci nawa ke biye. Za ku tarar matsalar ta taru ne a awa biyu ko uku, a mil ɗaya ko biyu, kuma kulob biyu ko uku ne. Su za ku gayyata, mutum biyu daga kowanne, da manomi ɗaya, da mai doki ɗaya, da kansila, da ɗan sandan yankin. Kada ku kira taron gari gaba ɗaya tun farko, mutum ɗari a zaure ɗaya masu ɗaga murya ne ke cinye shi. Idan da hali, a ɗauki wakilan kulob a tarakta su bi hanyar su ga abin da direbanta ke gani, 'yan kwamiti biyu kuma su hau keke su ji yadda mota ke wucewa a tazarar rabin mita. Abin da aka amince a rubuta shi a shafi ɗaya, da suna da lambar mutum ɗaya daga kowane ɓangare wanda za a kira, da sharaɗin amsa ƙorafi cikin mako guda.

Kai kuma a naka aikin, da zarar kun samu ƙidayar nan, kai ta wurin mai tsara muku ziyara. A ranakun hutu a sa gidajen da ke bayan wuraren da kekuna suka fi cika kafin ƙarfe takwas ko bayan sha biyu, a ƙara minti goma tsakanin ziyarorin da suka faɗo a tsakiyar safiya, masu maganin da ba ya jira kuma a sa su farko. Ku sake yin ƙidayar a wuraren nan dai a watan Oktoba bayan an gama girbi, ku zauna da kulob ɗin da takardun biyu a gabanku kafin su fitar da jadawalin fitarsu na shekara mai zuwa.